Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Tarihin Yadda Ake Auna Shahararrun Maza da Mata a Ƙasar Hausa

Kukan da iyaye da malamai suke yi cewa mawaƙa da 'yan wasa suna ɓata tarbiyyar yara ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan rediyo da majigi ake yin sa. Abin da bai sami kulawar manazarta sosai ba shi ne mudun da ake awo da shi, watau ko wanda ake auna namiji da shi, shi ne ake auna mace da shi.

Ya kamata a fara da harshen kansa, domin a nan ne al'umma take ajiye hukuncinta ba tare da ta sani ba. Idan aka ce mutum "mai zaman kansa" ne, ana nufin ba ya ƙarƙashin kowa, yana cin guminsa. To amma da zarar an ce "mai zaman kanta", ma'ana ta juye, an shiga zancen karuwanci. Haka kuma "namijin duniya" kirari ne, "'yar duniya" kuwa zagi. Kalmomin da suka zo ta hanyar malanta ba su da wannan son kai: akwai mazinaci akwai mazinaciya, akwai fasiƙi akwai fasiƙa. Kalmar "karuwa" ce ba ta da takwara namiji da ake jin sa a bakin jama'a, alhali kuwa sana'ar ba ta yiwuwa sai da maza. Ko a cikin waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, ana iya ganin wannan. Ya yi waƙa a kan giya, ya kuma yi a kan karuwa. A ta farko sunan abin sha ne a kan waƙar, a ta biyu kuwa sunan mutum ne, kuma mace.

M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna a maƙalarsa ta 1957 cewa maroƙa da makaɗa suna can ƙasa a tsarin daraja na Hausawa, duk da cewa sarakuna da attajirai ba sa iya rabuwa da su. Wannan ƙasƙanci ya haɗa maza da mata. Sai dai namiji yana da hanyar fita. Idan ya shahara, ya yi dukiya, ya je Makka, ya tara iyali, sai a manta da asalin sana'ar, a kira shi Alhaji. Zabiya kuwa, ko ta je Makka sau nawa, tambayar da ake fara yi a kanta ita ce ko tana da aure.

Garin Funtuwa ya ba da misali mai kyau, domin mashahuran mawaƙa biyu sun zauna a cikinsa a zamani ɗaya. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ba ya ɓoye hulɗarsa da mashaya, har ya yi musu waƙar da aka fi sani da "A Sha Ruwa". Zambonsa kuwa, kamar na "Gagarabadau", yana ɗauke da kalmomin da ba a faɗa gaban surukai. Malamai sun yi suka, ba shakka. Duk da haka Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, kuma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Har ya rasu a 1999 ana kiran sa Dakta Shata, kuma ya cancanta, domin babu mai musun irin hidimar da ya yi wa harshen Hausa. Hajiya Barmani Choge, mai kiɗan ƙwarya, ta yi waƙar da take kiran mata su kama sana'a, ta yi ta haihuwa, ta yi ta kishi, watau abubuwan da suke cikin ɗakin kowace mace. Matan aure ne suke gayyatar ta biki da suna, su ne kuma suke yi mata kari. Amma har ta rasu a 2013, idan aka ambace ta a taron maza, batsa ce ake fara tunawa. Abin da aka kira "gwaninta" da "rashin tsoro" a bakin Shata, shi aka kira "rashin kunya" a bakin Barmani.

Ba a fagen waƙa kaɗai abin ya tsaya ba. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta shiga jam'iyyar NEPU tana matashiya, ta shugabanci mata a reshen Sabon Garin Zariya. An ɗaure ta sau da dama, an yi mata duka. Maza 'yan NEPU ma an ɗaure su, amma su da "tsageranci" da "raina sarakuna" aka tuhume su. Matan da suka fito taron siyasa a shekarun 1950 kuwa, da karuwanci aka riƙa jifan su, kuma wannan jifa ya yi aiki ƙwarai wajen hana matan aure fitowa. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976. Yau ga babban asibiti a Ƙofar Gayan ɗauke da sunanta, kuma ana ba 'yan makaranta labarinta a matsayin abar koyi.

Wani zai ce ai addini ne ya tsananta wa mace. Wannan magana tana bukatar gyara. A Kongo, nan Tudun Wadan Zariya, inda Tsangayar Shari'a da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello suke, ɗalibi yana koyon cewa haddin zina ɗaya ne ga namiji da mace, kuma wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce a kansa. Inda bambanci yake shiga shi ne wajen hujja, domin a mazhabar Malikiyya ciki yana iya zama shaida a kan macen da ba ta da aure. Ta nan aka yanke wa Safiya Husaini hukunci a jihar Sakkwato a 2001, da Amina Lawal a jihar Katsina a 2002, aka sallami mazan da suka ambata saboda rashin shaidu, kafin kotunan ɗaukaka ƙara su sallami matan su ma. Kotun bakin titi kuwa ba ta neman shaidu, ba ta kuma da ɗaukaka ƙara.

Zamanin finafinan bidiyo ya ƙara fito da lamarin fili. A watan Agusta na 2007 wani hoton bidiyo na sirri ya bazu ta wayoyin hannu, wanda ya nuna wata 'yar wasa, wadda aka sani da sunan fim ɗin Hiyana, tare da wani namiji da ba ɗan fim ba. Sunan fim ɗin aka laƙaba wa abin kunyar, ita aka kora daga sana'a, ita ta ɓuya. Gwamnatin Kano ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai, aka dakatar da ɗaukar fim har wata shida. Adalci ne a faɗi cewa maza ma sun ɗanɗana: an ɗaure Adam A. Zango a 2007 saboda faifan waƙoƙinsa Bahaushiya, an ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008. Amma laifin keta dokar hukuma aka ɗora musu, suka fito suka ci gaba da sana'arsu, farin jininsu bai ragu ba. Ita kuwa ba a kai ta gaban alƙali ba, kuma ba ta koma fim ba. (Wani abin lura shi ne, a wannan lokacin ne hotonta ya yawaita a jikin motocin haya da babura, abin da ke nuna cewa ba duka jama'a suka yarda da hukuncin ba.)

A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta fito a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ, inda aka ga sun riƙe hannu sun rungumi juna. Hujjar da ake bayarwa ta ƙyale mawaƙin ita ce shi ba ɗan ƙungiyar ba ne, kuma hakan gaskiya ne. To amma zagin da ya cika Facebook da Twitter a makonnin nan ba 'yan ƙungiya ne suka yi shi ba, kuma kusan dukansa kanta ya faɗa. Ta nemi gafara a bainar jama'a, aka ɗage korar a 2018. A wannan shekarar ce ta fito a fim ɗin Up North na masu shirya finafinai na Legas, wanda aka ɗauka a Bauci.