Idan mai jami'a ya rasu, wa zai riƙe ta?

1/ Kafin ka biya kuɗin jami'ar kuɗi, ka taɓa tambaya: ranar da mai ita ya kwanta dama, ya makomar takardarka? Ku biyo ni, tarihi na da abin cewa a kan wannan. 🧵

2/ Mu fara da Daura. Lokacin jihadi, wajen 1805, Malam Ishaku ya karɓe garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita. Zuriyarsa ta koma Zango da Ɓaure. Gari ya tafi, amma sarauta da tsarin naɗa magaji ba su mutu ba.

3/ Bayan kusan shekara ɗari, Turawa suka dawo da gidan ta hannun Malam Musa. Daga nan Abdurrahman (1911–1966), Muhammadu Bashar (1966–2007), sai Umar Faruk Umar. Duk wanda ya tafi, an san hanyar da za a bi a samu na gaba.

4/ To makarantu fa? Katsina ta yi suna da ilimi tun zamanin Gobarau, ta fitar da malamai irin su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17. Yau hasumiyar na nan tsaye, amma waccan makarantar sai labari.

5/ Matsalar karatun zaure ke nan: makaranta ita ce malam. In ya bar ɗa ko almajirin da ya gaje shi, karatu ya ɗore. In bai bari ba, littattafai su koma cikin adaka, gara ta sha biki.

6/ Kwatanta da Al-Azhar ta Masar, wadda aka gina wajen 970. Daulolin Fatimiyya, Mamluk da Usmaniyya duk sun wuce, ita tana nan. Babban abin da ya riƙe ta ƙarni bayan ƙarni shi ne waƙafi: dukiyar makaranta ce, ba ta shiga rabon gado.

7/ A Najeriya, jami'o'in kuɗi sun ɓarke a farkon shekarun 1980, da yawa babu tsari. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari, ɗan Daura, ta rufe su duka da doka ta 19. Ɗalibai ne suka kwana ciki.

8/ Sai 1999 aka ba uku na farko lasisi: Igbinedion, Babcock da Madonna. A 2005 Katsina ta samu tata, wadda yanzu ake kira Al-Qalam, ƙarƙashin gidauniyar Musulunci ta Katsina, ba mallakin mutum ɗaya ba.

9/ Lissafa: tun 1999 ne fa. Yawancinsu har yau suna hannun waɗanda suka kafa su. Jarrabawar gaske, wato ranar rabon gado, ba ta zo musu ba tukuna.

10/ Don haka kafin ka yi rajista, tambayi abu uku. Fili da gine-gine da sunan wa suke, mutum ko gidauniya? Kwamitin amintattu na da iko na gaske, ko 'yan amshin Shata ne? Albashin malamai daga kuɗin shigar makaranta yake fitowa, ko daga aljihun Alhaji?

11/ In duk amsoshin sun koma kan mutum ɗaya, to ka yi tunani sau biyu. Shekara huɗu da gumin iyayenka ne za ka zuba. Tura wa ƙaninka da ke shirin JAMB.