Fada Theodore Hesburgh (1917-2015): jami'a tsakanin coci da gwamnati

Gabatarwa

Ranar 26 ga watan Faburairu na shekarar 2015 Fada Theodore Hesburgh ya rasu yana da shekara 97, a gidan tsofaffin limamai da ke dab da Jami'ar Notre Dame, cikin jihar Indiyana ta ƙasar Amurka. Shekara 35 ya yi yana shugabancin wannan jami'a. A taron tunawa da shi tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter ya yi jawabi, jaridu kuma suka yi ta lissafa digirin girmamawa 150 da aka ba shi da lambobin yabo na ƙasa. Yabon gwani ya zama dole. Sai dai yabon da ake yi wa mamaci yakan shafe rigingimun da ya shiga lokacin da yake raye, alhali kuwa a cikinsu ne mai nazarin tarihi yake gane matsayin mutum. A wannan maƙala za mu bi rayuwarsa ta fuska guda, wato yadda ya tsare cin gashin kan jami'a daga hukumomi biyu da suke da iko a kansa: cocinsa da gwamnatin ƙasarsa.

1. Asalinsa da hawansa shugabanci

An haifi Hesburgh ranar 25 ga watan Mayu na 1917 a birnin Syracuse, jihar New York. Ya shiga ƙungiyar limaman Holy Cross, wadda ta kafa Notre Dame a 1842. An tura shi karatu Jami'ar Gregoriana ta birnin Roma, yaƙin duniya na biyu ya sa ya koma gida a 1940. An naɗa shi limami a 1943, ya samu digirin dakta kan ilimin tauhidi a 1945, sannan ya soma koyarwa a Notre Dame, yana kuma limancin tsofaffin sojojin da suka dawo karatu tare da iyalansu.

A 1952, yana da shekara 35, aka ba shi shugabancin jami'ar. A lokacin an fi saninta da ƙwallon Amurka fiye da bincike, kuma maza kaɗai take ɗauka. Daga 1952 zuwa 1987 asusun ajiyarta ya tashi daga dala miliyon 9 zuwa miliyon 350, yawan ɗalibbai kuma ya kusan ninkawa. Waɗannan alƙaluma suna da dangantaka da batunmu, domin jami'ar da take da taskarta ba ta cika jin tsoron mai ba ta kuɗi ba.

2. Jami'a da coci

Gwajin farko ya zo a 1954. Maɗaba'ar jami'ar ta buga wani littafi mai ɗauke da maƙalar Fada John Courtney Murray kan dangantakar addini da gwamnati, ra'ayin da Kadinal Alfredo Ottaviani na Fadar Paparoma bai yarda da shi ba. Aka nemi a janye littafin daga kasuwa, Hesburgh ya ƙi. Shekara 11 bayan haka, a 1965, babban taron coci na Batikan na biyu ya amince da takardar ƴancin addini wadda Murray yana cikin waɗanda suka tsara ta.

Wannan ƙi na mutum ɗaya ne, kuma abin da mutum ɗaya ya tsare yana iya rushewa idan ya kau. Shi ya sa abin da ya faru a 1967 ya fi nauyi. A shekarar ƙungiyar Holy Cross ta miƙa mulkin jami'ar ga majalisar amintattu wadda mafi yawan membobinta ba limamai ba ne. An bar wani ƙaramin kwamiti na mutum 12, shida limamai, shida ba limamai ba, mai kula da dokokin tushe, aka kuma ajiye sharaɗin cewa shugaban jami'a ya kasance limamin Holy Cross. A watan Yuli na wannan shekara Hesburgh ya tara shugabanni da malaman jami'o'in Katolika a Land O'Lakes, wani filin jami'ar da ke jihar Wisconsin. Mutum 26 suka sa hannu a sanarwar da ta fito daga taron. Ma'anarta a taƙaice ita ce: jami'ar Katolika ba za ta cika jami'a ba sai tana da ƴancin bincike da koyarwa ba tare da katsalandan na wata hukuma ta waje ba, ta addini ce ko ta duniya, kuma duk da haka addini ya kasance a raye cikinta. A 1972 aka soma ɗaukar ɗalibbai mata a matakin digirin farko.

Ya kamata a lura cewa duk wannan ya yi shi ne yana cikin coci tsundum. Shi ne wakilin Fadar Paparoma a hukumar makamashin nukiliya ta duniya daga 1956 zuwa 1970, kuma bisa roƙon Paparoma Paul na shida ya jagoranci kafa cibiyar nazarin addini ta Tantur kusa da birnin Ƙudus, wadda aka buɗe a 1972.

3. Hukumar haƙƙin ɗan ƙasa

Ta ɓangaren gwamnati, labarin ya fara a 1957, lokacin da shugaba Eisenhower ya naɗa shi cikin mutum shida na sabuwar hukumar haƙƙin ɗan ƙasa. Uku daga cikinsu ƴan kudu ne, inda wariyar launin fata take bisa doka, uku ƴan arewa, don haka mutane da yawa ba su yi zaton za su yarda da juna kan komi ba. Hukumar ba ta da ikon hukunta kowa. Aikinta jin shaida da ba da shawara. A 1958, a Montgomery ta jihar Alabama, ta saurari baƙaƙen fata masu ilimi da dukiya waɗanda aka hana yin rajistar zaɓe. A 1959 wani alƙali ya hana ta zama a Shreveport ta jihar Louisiana. Hesburgh ya kwashe abokan aikinsa zuwa Land O'Lakes, suka yi kamun kifi, suka ci abinci tare, da dare aka zauna kan rahoto. Cikin shawarwari 12, an amince da 11 baki ɗaya. Ɗaya daga cikin shawarwarin rahoton ita ce gwamnatin tarayya ta tura ma'aikatanta su yi wa mutane rajistar zaɓe inda jihohi suka ƙi, kuma dokar haƙƙin zaɓe ta 1965 ta ɗauki irin wannan tsari.

A watan Yuni na 1964 aka ɗauki hotonsa da ya fi shahara, yana riƙe da hannun Martin Luther King a wani gangami a filin Soldier Field na birnin Shikago. A shekarar ce kuma shugaba Johnson ya ba shi lambar ƴanci ta shugaban ƙasa.

4. Wasiƙar minti 15 da rabuwa da Nixon

Ƴancin da yake karewa yana da iyaka a wurinsa. A watan Faburairu na 1969, ana tsakiyar zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam, ya rubuta wa ɗalibbai wasiƙa cewa duk wanda ya tare hanya ko ya hana wasu aikinsu da ƙarfi za a ba shi minti 15 ya yi tunani. In ya ƙi bari a dakatar da shi, in ya ƙara minti 5 a kore shi. A watan Nuwamba na shekarar aka hukunta ɗalibbai 10 da suka tare ƙofar da wakilan kamfanin Dow Chemical da na hukumar leƙen asiri ta CIA suke ɗaukar ma'aikata. Har yau akwai masu ganin an tsananta musu, tun da abin da suka yi ya fito ne daga koyarwar addinin da jami'ar take yi musu.

Shugaba Nixon ya yaba wasiƙar, ya ɗauka ya samu abokin tafiya. Amma Hesburgh ya rubuta wa mataimakinsa Spiro Agnew yana ba da shawara kada gwamnati ta yi doka kan tarzomar ɗalibbai, a bar jami'o'i su gyara gidansu da kansu. A shekarar ta 1969 Nixon ya naɗa shi shugaban hukumar haƙƙin ɗan ƙasa. A 1970 hukumar ta fitar da rahoto mai nuna sakacin ma'aikatun tarayya wajen aiwatar da dokokin daidaito, a 1972 kuma Hesburgh ya soki yunƙurin gwamnati na hana jigilar ƴan makaranta zuwa wasu unguwanni domin cakuɗa farare da baƙaƙe. Da Nixon ya sake cin zaɓe a watan Nuwamba na 1972, aka nemi ya ajiye muƙamin, ya ajiye.

Wannan bai raba shi da hidimar jama'a ba. Ya zauna a kwamitin da shugaba Ford ya kafa a 1974 domin yafe wa waɗanda suka guje wa yaƙin Biyetnam. A 1979 da 1980 yana kan gaba wajen tara gudummawa ga mutanen Kambodiya da yunwa ta auka musu bayan mulkin Khmer Rouge, kuma daga 1979 zuwa 1981 ya shugabanci hukumar da ta yi nazarin dokokin shige da fice da na ƴan gudun hijira.

Kammalawa

Muhawara kan gadonsa ba ta ƙare da rasuwarsa ba. Tun a 1990 Paparoma John Paul na biyu ya fitar da dokar Ex corde Ecclesiae, wadda ta sake jaddada alaƙar jami'o'in Katolika da hukumar coci, abin da masana da dama suke ɗauka martani ne ga tafarkin Land O'Lakes. A 2019 Fada Wilson Miscamble, malamin tarihi a Notre Dame kuma ɗan ƙungiyar Holy Cross, ya wallafa tarihin rayuwarsa, inda ya yi hujja cewa neman karɓuwa wurin manyan jami'o'i da masu mulki ya raunana siffar addini ta jami'ar. Masu kare shi suna amsawa da cewa in ba don tsarin 1967 ba, da Notre Dame ba ta samu malaman da suka mai da ita cibiyar bincike ba.

Abin da bayanan da muka kawo suke nunawa shi ne ma'auni ɗaya ya yi amfani da shi ga Ottaviani a 1954, ga ɗalibbansa da Agnew a 1969, ga Nixon a 1972: al'amarin jami'a a cikin jami'a ake yanke shi, kuma muƙami ba ya sayen bakin malami. Tambayar da ta rage ga masu bincike ita ce ko irin wannan cin gashin kai yana ɗorewa ta hanyar dokokin da ya bari, ko kuwa ya dogara ne ga mutum mai ƙima irin tasa, wanda paparoma da shugaban ƙasa duka suke buƙatarsa.