Zuciyar Doki a Makarantar Liyon

A cikin shekarar 1761 ne Claude Bourgelat ya sami iznin Sarkin Faransa, Luwi na goma sha biyar, ya kafa makarantar likitocin dabbobi a birnin Liyon, ita ce kuwa ta fari a duniya. Kafin wannan lokaci maganin dawaki yana hannun maƙeran da ke yi musu takalma, kowa da abin da ya gada. Bourgelat ya sa almajiransa feɗe mushe, su san ƙashi da tsoka da jijiya. Amma mushe ba ya nuna yadda gaɓa ke aiki, sai dai inda take zaune.

Wanda ya cike wannan giɓi sosai shi ne Auguste Chauveau, malami a makarantar. A zamaninsa ana gardama a kan bugun nan da ake ji in an ɗora hannu a ƙirji: lokacin da zuciya ta matse ne yake aukuwa, ko kuwa lokacin da ta saki jini ya cika ta? Wani likita a Paris mai suna Beau ya tsaya a kan na biyu.

A 1861 Chauveau da abokin aikinsa Marey suka raba gardamar. Suka zura siririn bututu ta jijiyar wuyan doki har cikin ɗakunan zuciya na dama, a bakinsa akwai 'yan jakunkunan roba masu iska. Duk sa'ad da jini ya danne su, sai iskar ta motsa wani tsinke, shi kuwa ya ja layi bisa takarda mai tafiya. Wata jakar aka sa a ƙirji. Dokin nan kuwa yana tsaye, idonsa biyu. Layukan suka nuna a fili bugun ƙirji yana zuwa daidai da matsewar babban ɗaki, watau Beau ya kuskure.

Ba banza aka zaɓi doki ba. Jijiyarsa faɗi gare ta, zuciyarsa kuma ba ta gaggawa, wajen bugu 40 a minti, har ana iya rarrabe kowane motsi.

Likitocin mutane sun daɗe ba su yarda su gwada wannan ba, don tsoron kada zuciya ta tsaya. Sai a 1929 wani Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura bututu ta jijiyar hannunsa har zuciyarsa, bayan ya ga zanen dokin nan a littafi. Aka ba shi kyautar Nobel a 1956, tare da Cournand da Richards.