Yadda Yunwa Ta Mai da Bambaro Abincin Dabbobi

Kowane makiyayi ya san saniya na iya cika tumbinta da bambaro amma ta ci gaba da ramewa. Dalili kuwa shi ne, in tsiro ya ƙosa, wani sinadari mai tauri da ake kira liginin yakan ɗaure abincin da ke cikinsa, har ƙwayoyin halittar da ke tumbin dabbobi masu tuƙa su kasa narkar da shi.

Ba sha'awar ilmi kaɗai ce ta kwance wannan ƙulli ba, matsi ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, jiragen yaƙin Ingila sun datse wa Jamus hanyoyin teku, abincin dabbobin da take sayowa daga waje ya yanke. Wajen ƙarshen yaƙin ne wani masani, Ernst Beckmann, ya nuna cewa ba sai an dafa bambaro ba, kamar yadda magabatansa suka yi. Ya isa a jiƙa shi cikin ruwan sanyi mai soda, irin wadda ake sabulu da ita, sa'an nan a ɗauraye. Dabba kan narkar da wajen kashi biyu cikin uku na irin wannan bambaro, alhali a da bai kai rabi ba.

Manoman Nowe ne suka fi riƙe dabarar, tun daga Yaƙi na Biyu. Amma tana da aibi babba: ɗaurayar na cin ruwa mai yawan gaske, tana tafiya da wajen kashi ɗaya cikin biyar na bambaron, ruwan sodar kuma ya gurɓata rafuka. Saboda haka a shekarun 1970 suka koma ga iskar amoniya, a lulluɓe tarin bambaro da leda a busa ta ciki.

A ganina, matakin da ya fi muhimmanci shi ne na ƙarshe, domin shi ne ya sauko wa talaka. A shekarun 1980, a Bangaladash da Indiya da Sin, aka yaɗa amfani da takin yuriya: kilo 4 zuwa 5 a narke cikin ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na bambaro, a rufe ruf mako biyu ko uku, takin ya rikiɗe ya zama amoniya. An gwada haka a Nijar da bambaron shinkafa. Sai dai a wurare da dama, da zarar masu kawo shirin sun naɗe tabarmarsu, manomi kan ga takin ya fi masa amfani a gona.