Daga Magatakarda Zuwa Mai Tsara Kundi

Masarautar Kazaure ƙarama ce, tana tsakanin Kano da Katsina da Daura. Ɗantunku ya kafa ta wajajen 1819, ya yi ta gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar mata da cin gashin kanta. Hukunci irin wannan a Daular Usmaniyya takarda ke ɗauke da shi, takardar kuwa tana da fasalin da aka san ta da shi: hatimi, bisimilla, sunan mai aikowa da na wanda aka aika wa, gaisuwa, sannan maganar da ke tafe. Da fasalin nan ake bambance wasiƙar gaske da ta jabu. Masu riƙe da wannan harka su ne gidan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, kuma a zuriyarsa wazircin Sakkwato ya zauna. Marubuta masu kyawun hannu suna da yawa a lokacin, amma sarauta ta tafi gidan da ya san wace takarda ta tafi ina, wacce ake jiran amsarta, da inda aka adana kowacce. Daga wasiƙun gidan nan Murray Last ya samo yawancin abin da ya gina littafinsa na 1967 a kan tarihin daular.

Turawa da suka ci Kano da Sakkwato a 1903 sun zo da nasu fasalin. Lugga ya tattara umarninsa ga jami'ai a kundin Political Memoranda a 1906, Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, inda aka horar da malaman da za su riƙe rajistocin En'e. Aikin ya koma na layi da gurbi: sunan gari, sunan dagaci, yawan magidanta, yawan shanun jangali. A nan gurbi ɗaya yana da nauyi ƙwarai. Roni da Gwiwa suna ƙasar Kazaure, Babura kuwa a lokacin gunduma ce ta Kano, saboda haka shafin da aka rubuta ƙauyen kan iyaka shi ke nuna baitulmalin da harajinsa zai shiga. Malamin haraji yana cike gurbin da aka ba shi ne kawai. Wanda ya yanke shawarar abin da za a tambaya ya riga ya yanke abin da gwamnati za ta sani, da abin da zai ɓace mata.

Bambancin nan yana nan a kamfanonin manhaja. Ƙaramin marubucin fasaha yana bayanin maɓalli guda, babban kuwa yana tsara inda kowane bayani zai zauna, da sunan da za a kira shi, da wanda zai sabunta shi idan manhajar ta sauya. Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure za su tarar injin rubutu ya fara cinye aikin farko, domin cike gurbi ya iya. Na biyun har yanzu sai wanda ya daɗe a ma'aikata, ya san tambayar da injiniya zai yi da tsakar dare idan na'ura ta tsaya.