Syukuro Manabe: mutumin da ya fara sa kwamfuta lissafa ɗumamar duniya

A shekarar 1958 wani matashi ɗan ƙasar Japan mai shekara 27 ya sauka a birnin Washinton na Amurka, da sabon digirinsa na dakta daga Jami'ar Tokyo. Sunansa Syukuro Manabe. An haife shi a 1931 a tsibirin Shikoku, mahaifinsa da kakansa duk likitoci ne, amma shi ilimin yanayi ya bi. Joseph Smagorinsky na hukumar hasashen yanayi ta Amurka ne ya gayyato shi, don su gwada ko za a iya rubuta dokokin iska da zafi da ruwan sama a lissafi, kwamfuta ta warware su.

Tambayar da ta sa ya yi suna ta girme shi. Tun 1896 Svante Arrhenius na Suwidin ya yi lissafi da hannu cewa in iskar kabon da ke sama ta ninka, zafin duniya zai ƙaru da kimanin digiri 5 zuwa 6. Daga baya masana suka yi ta samun amsoshi masu karo da juna, saboda galibi ƙasa kaɗai suke dubawa, suna mance cewa iska mai zafi tana tashi sama da zafinta.

To, kwamfutocin wancan zamani ko kusa ba su kai wayar da ke hannunka ba. Sai Manabe da abokin aikinsa Richard Wetherald suka rage duniya ta koma ginshiƙin iska guda ɗaya, daga ƙasa zuwa can sama. Babu teku, babu nahiya, babu damina ko rani. Hasken rana na sauka, zafi na fita, iska mai zafi na hawa. Dabarar da ta fi muhimmanci ita ce ta tururin ruwa. Kowa ya san wanki ya fi saurin bushewa a rana mai zafi, don iska mai zafi ta fi ɗaukar laima. Shi kuma tururin ruwa yana riƙe zafi kamar yadda iskar kabon ke yi. Wato kabon ya ɗan ɗumama iska, iska ta ƙara shan tururi, tururin ya ƙara zafi. Da suka hana tururin ƙaruwa, ninka kabon ya ba su kimanin digiri 1.3. Da suka bar shi ya bi zafin, sai ya kai kusan 2.4. Wannan ce takardarsu ta 1967.

A cikinta akwai wani sakamako da ni a ganina ya fi lambar kanta daraja. Lissafin ya nuna cewa ƙasa da iskar da ke kusa da ita za su yi zafi, amma sararin da ke can sama, inda ya wuce gizagizai, zai yi sanyi. Wannan hasashe ne da za a iya ƙaryatawa. Da ƙarfin rana ne ya ƙaru, ai da sama da ƙasa duk za su ɗumama tare. Shekaru bayan haka, awon da taurarin ɗan'adam da balan-balan na auna yanayi suka yi ya nuna saman yana sanyi, ƙasan yana zafi. Don haka in wani ya ce maka rana ce kawai ta ƙara wuta, ga amsarsa nan tun 1967.

A 1969 shi da Kirk Bryan suka haɗa lissafin iska da na teku wuri guda, karo na farko da aka yi haka. Hasashen damina na watanni da hukumomin yanayi ke fitarwa a yau ya dogara da irin wannan haɗin, tunda zafin ruwan teku na da hannu a yawan ruwan sama. A 1975 kuma shi da Wetherald suka faɗaɗa ginshiƙin nan ya zama duniya mai faɗi da tsawo, suka samu kimanin digiri 2.9, suka kuma ga cewa yankin ƙanƙara na arewacin duniya zai fi ko'ina saurin ɗumama. Haka ɗin ake gani yanzu.

Ba komai lissafinsa ya kama ba fa. Gizagizai, alal misali, a ayyukan farko ƙayyade su ya yi, bai bar su sun sauya ba, kuma har yau su ne suka fi ba masana wahala. Duk da haka rahoton kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya tsaya a kan digiri 3, tsakanin 2.5 da 4. A shekarar ce aka ba Manabe lambar yabo ta Nobel a fannin fiziks, tare da Klaus Hasselmann da Giorgio Parisi, yana da shekara 90. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan, yanzu ta haura 420, wato mun ci rabin hanyar ninkin da ya lissafa.