Ma'aunin da Ya Kai Rubu'in Duniya

Duk wanda ya buɗe jadawalin da masu aikin lantarki ke juya ma'auni zuwa ma'auni da shi, ya iske a ƙarshen shafi an jera kilohenri da megahenri da gigahenri, har da wani wai shi stathenri mai jan sifiri sha ɗaya a bayansa, to lalle ne ya tambaya ko akwai naɗin waya a bayan ƙasa da ya kai wannan girma, alhali kuwa naɗin da ke cikin akwatin rediyo yawanci bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na henri guda ba. Wasu daga cikin waɗannan manyan adadai gado ne daga saɓanin malaman ƙarni na 19.

Asalin mas'alar kuwa shi ne, Joseph Henry, malamin hisabi a makarantar Albany ta ƙasar Amurka, ya kasance yana lulluɓe wayar tagulla da zaren siliki, sa'an nan ya naɗa ta a jikin ƙarfe ninki bisa ninki domin ya sami maganaɗisu mai ƙarfi. Sai ya lura cewa in wayar gajera ce, ya zare bakinta daga ɗan kofin zaibar da ke sada ta da batir, ba ya ganin wani abin kirki, amma in doguwa ce, sai tartsatsi ya tashi daidai lokacin rabuwar, domin waya tana da ɗabi'ar ƙin sauyi a gudun wutar da ke ratsa ta, naɗi kuwa ƙara mata wannan hali yake yi. Ya bayyana haka a 1832, shekara guda bayan Michael Faraday na Ingila ya nuna yadda naɗi ke tayar da wuta a cikin maƙwabcinsa. Wannan ɗabi'a ita ce Oliver Heaviside ya raɗa wa suna indaktans a 1886.

Da aka zo batun awo sai malamai suka kasu mazhaba biyu, dukansu bisa santimita da giram da daƙiƙa, wato sakan na agogo. Mazhabar farko ta gina ƙiyasinta a kan jan maganaɗisu, hisabi kuwa ya kai ta ga wani abin ta'ajibi, wato ma'aunin indaktans ya fito tsawo ne tsantsa, har tsofaffin littattafai suna cewa naɗi kaza santimita dubu kaza ne, ba tare da nufin tsawon wayar ba. To, santimita guda ya yi ƙanƙanta ga masu aikin tangaraho, ma'aunin da ya dace da volt da ampiya kuwa, wato wanda zai haifar da volt ɗaya in gudun wuta ya sauya da ampiya ɗaya cikin sakan, santimita 1,000,000,000 ne, kilomita 10,000 ke nan. Tun da yake Faransawa, sa'ad da suka kafa mita a 1791, sun ƙaddara ta kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya kewaye tsakiyarta, sai taron Paris na 1889 ya kira ma'aunin kwadiran, rubu'in da'irar duniya. A ganina ba a taɓa yi wa ma'auni suna mai kwarjini irin wannan ba, ko da yake awon baya ya nuna rubu'in na haƙiƙa ya ɗara haka da misalin kilomita biyu. A Ingila Ayrton da Perry sekom suke ce masa. Mudu dai ɗaya ne, kowace kasuwa da sunan da take kiransa.

Sai a taron Chicago na 1893 aka yi ijma'i a kan kiran ma'aunin henri, shekara 15 bayan rasuwar mai sunan, majalisar dokokin Amurka kuma ta tabbatar da shi a 1894.

Mazhaba ta biyu ta gina nata ƙiyasi a kan jan da ke tsakanin jikkuna biyu masu ɗauke da lantarki a tsaye, kuma daga nan stathenri ya samo girmansa. Tun 1856 Weber da Kohlrausch a Jamus suka auna nisbar da ke tsakanin mazhabobin biyu, ta fito kusan daidai da saurin haske, misalin santimita biliyan 30 cikin sakan, abin da Maxwell ya riƙe hujja cewa haske da lantarki jinsi ɗaya ne. A ɓangaren indaktans sau biyu wannan nisba ke shiga. In ka buga saurin haske, a lissafin santimita, a kansa, sa'an nan ka raba da biliyan ɗaya, sai ka sami stathenri guda daidai da henri kusan biliyan 899.

Sauran juyin ba shi da wuya, domin tun da babban taron ma'auni na 1960 ya tsayar da giga da tera a kan kilo da mega, matakin duka ninki dubu ne: henri dubu kilohenri, kilohenri dubu megahenri, megahenri dubu gigahenri, gigahenri dubu terahenri. Da wannan lissafi, stathenri gigahenri 899 ne, ya gaza terahenri guda da misalin ushiri.